Zuma Mai Laushin Man Shanu: Yadda Ake Sa Ta Daskare Ba Tsakuwa

Duk wanda ya taɓa ajiye zuma a shagonsa ya san abin da ke faruwa idan sanyi ya shigo. Kwalbar da take garau sai ta fara hazo daga ƙasa, bayan 'yan makonni ta yi tsakuwa-tsakuwa, wani lokaci ma ta sandare har cokali ya lanƙwashe a cikinta. Daga nan ciniki ya tsaya. Mai saye zai ɗaga kwalbar, ya juya ta, ya dube ka, ya ce an zuba sukari. In ɗan wucewa ne, da sauƙi. In kuwa wanda ya saba saye a wurinka ne, to asarar ta wuce ta kwalba ɗaya, sunanka ne ya taɓu. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun san cewa suna shi ne jarin farko, kuma Bahaushe ɗaya aka zarga da algus, sai a shafa wa duk 'yan layin.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Ngaundere, a jihar Adamawa ta Kamaru. Kiwon zuma sha'awa ce kawai. Amya takwas gare ni, na katako irin na Kenya, a gonar wani aminina a kan hanyar Maiganga, ina leƙa su ranar da kasuwa ta yi sanyi. Abin da nake samu a shekara bai kai a kira shi sana'a ba, amma yana isar gida, a yi kyauta, a sayar da ragowar. A cikin wannan ɗan kiwon ne na koyi sa zuma ta daskare da gangan, amma da laushi: ta shafu a kan burodi kamar man shanu, ba ta ɗiga, ba ta ƙaras-ƙaras a harshe. Masu Faransanci suna ce mata miel crémeux. Ba madara a cikinta, ba gari, ba komai sai zuma. Tun da daskarewa halin zuma ne, gara mutum ya riga ta, ya nuna mata yadda za ta daskare.

Me ke sa zuma daskarewa?

Zuma ruwa ce da ta sha sukari fiye da ƙarfinta. Idan ta nuna sosai, ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ba. Kusan duk sauran sukarin fure ne, manyansu iri biyu: furuktos, wanda yakan kai wajen kashi 38, da gulukos, wajen kashi 31. Furuktos yana jimawa a narke. Gulukos kuwa ba ya da wannan haƙurin. Da ya samu abin kamawa, ko ƙura ce, ko garin fure, ko ɓarɓashin kaki, sai ya fara taruwa a kai yana zama ƙwaya. Wanda ya taɓa cika wa shayi sukari har ya kwanta a gindin kofi ya ga ɗan misalin abin.

Furen da ƙudan suka sha shi ke yanke hukuncin lokacin da zuma za ta daskare. A Turai, zumar furen kolza, wato shukar da ake matsar man girki daga ƙwayarta, tana sandarewa cikin 'yan kwanaki, wani lokaci tun tana cikin saƙa. Ta furen akasiya kuwa tana iya shekara ba ta motsa ba. A nan wajenmu ƙudan suna kiwo a kan ɗorawa, kaɗanya, maje, malmo, mangwaro da furannin ciyawa, kowanne da lokacinsa. Shi ya sa amya ɗaya za ta iya ba ka zuma biyu masu hali daban a shekara guda.

Saboda haka daskarewa ba shaidar algus ba ce. Amma a yi adalci, ba kuma shaidar gaskiya ba ce, don zumar da aka gauraya da ruwan gulukos ita ma tana iya daskarewa. Gwaje-gwajen da muke yi a kasuwa, na ashana da na tururuwa da na ɗigawa a ruwa, ba su rarrabe komai da tabbas. Abin da ke rarrabewa shi ne ɗakin gwaji, ko sanin hannun da zumar ta fito.

To me ya sa wata ke yin tsakuwa, wata ta yi laushi? Idan aka bar zuma ta daskare da kanta, wuraren da ƙwayar ke farawa kaɗan ne, sai kowace ta yi ta girma har harshe ya ji ta. Idan kuwa aka zuba mata ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa tun farko, gulukos ɗin sai ya rarrabu a kansu, babu wadda za ta samu sararin girma. Duk sirrin aikin ke nan.

Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi tsakuwa muni. Lokacin da gulukos ya taru a ƙasan kwalba, yakan bar yawancin ruwan a sama, sai saman ya tsinke. Yisti kuwa ba ya rasuwa a cikin ɗanyar zuma, rashin ruwa ne kawai ke hana shi aiki. Da ya samu ruwa sai ka ga kumfa, ka ji warin tsami, murfi ya kumbura. Zumar da ta kai nan ta tashi daga kayan sayarwa.

Daga Oku zuwa Amurka

Ba sai an je Turai ba kafin a ga cewa daskararriyar zuma tana da daraja. A yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, a dajin Kilum-Ijim da ke kan dutsen Oku mai tsawon mita 3,011, ana samun farar zuma mai kauri da laushi, wadda ke daskarewa da kanta saboda irin furen itatuwan dajin da sanyin wurin. Mutanen Oku suna kafa amyoyinsu a kwari har ƙudan su shiga, sannan su ɗauke su a ka su hau da su cikin dajin. A shekarar 2013 hukumar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa wannan zumar rajistar kariyar suna, tare da barkonon Penja da kofin Ziama-Macenta na Gini. Ma'ana, ba wanda ya isa ya kira zumarsa farar zumar Oku sai ta fito daga can. Abin da mai saye a layinmu ke gudu, shi ne ya ɗaga sunan Oku.

Abin da Allah ya ba mutanen Oku a sauƙaƙe, wani masani ne ya gano yadda za a yi shi da kowace zuma. Sunansa Elton Dyce, ɗan ƙasar Kanada, ya yi bincikensa a Jami'ar Cornell ta Amurka, aka yi wa dabararsa rajista a 1935. Ya nuna cewa zuma ta fi saurin daskarewa a zafin digiri 14, kuma idan aka gauraya kashi ɗaya na zuma mai laushin ƙwaya da kashi goma na narkakkiya, dukkanta za ta ɗauki halin wannan kashi ɗayan. Matan da ke kwana da nono sun san wannan tun kaka da kakanni: ɗan kindirmon jiya ake zubawa a madarar yau. Shi ya sa nake kiran wannan kashi ɗayan iri.

A tsarin Dyce ana ɗora zumar a wuta har wajen digiri 66 don a kashe yisti, sannan a sanyaya ta da sauri. Kamfanoni na yin haka saboda kayansu za su daɗe a kanti. Ni ba na kai ta can, don zafi mai yawa yana rage ƙanshi, yana duhunta launi, yana kuma kashe wasu sinadaran da ƙudan suka sa mata. Amma wanda ya bar yisti da rai, dole ya tsananta wajen zaɓen zuma.

Zumar da ta dace

Aikin yana farawa tun daga bakin amya. Saƙar da ƙudan suka rufe bakinta da farin kaki ita ce nunanniya, ita kaɗai nake ɗiba don wannan aikin. Wadda bakinta ke buɗe, in ka girgiza ta ka ga ruwa na fantsala, ka mayar musu, ba su gama ba. Saƙar da ke da ƙwai da 'ya'ya ma ba a haɗa ta, tana ƙara ruwa, tana ɓata ɗanɗano. Hayaƙi kuma kaɗan, don zuma na kama wari, kuma warin ƙauri ba ya fita.

Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Wannan iyakar sayarwa ce. Don zuma mai laushi, 17 zuwa 18 ake so. In ya haura za ta yi tsami, in ya yi ƙasa sosai za ta yi tauri. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da tocila, rifraktomita, ɗigo ɗaya ake sawa a leƙa a ga lambar. Wanda zai sari zuma daga hannun 'yan ƙauye, a Ngaundal ko a wata kasuwa, ya kamata ya mallake ta, ko mutum uku su haɗa kuɗi su saya. Zumar da aka ɗiba da damina ta tsakiya, ko aka bar ta a buɗe, ita ce ta fi yawan ruwa, saboda zuma na tsotsar laimar iska.

Kayan aikin duk na gida ne: bokitin roba mai murfi irin na abinci, rariya, ƙyalle mai laushi na tata, babbar tukunya, ma'aunin zafi, sikeli, turmin yaji sabo, sabuwar muciya, da kwalabe masu faɗin baki. Muciyar tuwo da turmin daddawa su tsaya a wurinsu. Komai ya bushe ƙarau kafin ya taɓa zuma. A wajen awo kuma a tuna cewa lita ɗaya ta zuma tana da nauyin kilo 1.4, don haka da sikeli ake lissafi, ba da kwalba ba.

Yadda ake samun iri

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen 'yar kwalbar zuma mai laushi wadda ka ɗanɗana ka ji babu tsakuwa ko kaɗan. Farar zumar Oku mai kyau tana yi. In ba ta samu ba, sai ka yi naka. Ka ɗebi zumar da ta riga ta daskare, kamar cokali huɗu ko biyar, ka sa a turmi ka yi ta murzawa da taɓarya, ba daka ba, murza. Za ka ga tana yin fari tana laushi. Gwajin shi ne ka ɗan shafa tsakanin harshe da ganɗa. Muddin kana jin yashi-yashi, da saura. Yakan ɗauki rabin awa ko fiye, kuma a gidanmu yara ne ke karɓa-karɓa, ladansu lasar taɓarya.

Kada a raina wannan matakin, don duk bokitin halin irin zai ɗauka. Iri mai tsakuwa, zuma mai tsakuwa.

Ƙaramin iri kuma ana haɓaka shi hawa-hawa. Giram 100 yana isar kilo 1. Idan wannan kilon ya kama, shi ne zai zama irin kilo 10. Wanda ya yi gaggawa ya zuba cokali biyu a cikin jarka guda, ƙwayoyin ba za su ishi gulukos ɗin ba, ragowar zai yi nasa manyan.

Aikin kansa

Da farko a narkar da duk wata tsohuwar ƙwaya da ke cikin zumar da za a sarrafa, in ba haka ba ita ma za ta zama iri, mugun iri kuwa. Ba a ɗora zuma kai tsaye a kan wuta. Bokitin ake tsomawa a cikin tukunyar ruwan ɗumi, ana kula kada zumar ta wuce digiri 40. Cikin amya kanta wajen digiri 35 ne, ka ga ke nan ba a yi nisa da abin da ta saba ba. Idan ta sandare sosai, narkewar na iya cin yini ɗaya ko biyu, ana sauya ruwa. Sai ta koma garau, in ka ɗaga a cokali kana hango haske, sannan ta yi.

Tana da ɗumin nan za a tace ta, a rariya tukuna, sannan a ƙyalle. A rufe, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Iska da ɓarɓashin kaki za su taso sama su zama farar kumfa, sai a kwashe da cokali. Kumfar ba abin zubarwa ba ce, ta shayin gida ce.

Ba a zuba iri sai zumar ta huce sarai, ta sauko ƙasa da digiri 25. In da sauran ɗumi, irin zai narke, wahalar turmi ta tafi a banza. Ni da asuba nake haɗawa, bayan na dawo daga masallaci, lokacin da ɗaki ya fi sanyi. Nakan fara kwaɓa irin da ɗan ludayi biyu na zumar a kwano har ya saki, sannan in juye a bokiti. Juyawa a hankali, kan muciya na ƙasa, kada a riƙa ɗagowa ana bugawa kamar mai kaɗa miyar kuka. Duk iskar da ta shiga za ta dawo ta zama kumfa a bakin kwalba. Minti goma zuwa sha biyar, har launin ya zama ɗaya, ba zane-zane.

Daga nan a rufe bokitin a kai shi wuri mai sanyi. Safe da yamma a buɗe a juya na minti uku zuwa biyar. Wannan juyin ne ke hana ƙwayoyin kama juna su zama dunƙule, shi ke sa ta tsaya da laushi maimakon ta yi taurin sabulu. Bayan kwana uku zuwa biyar za ka ga ta yi haske, tana wani sheƙi, muciya na tafiya da ƙyar amma har yanzu tana zuba. To lokacin ɗurawa ya yi. In ka ƙara kwana biyu, sai dai ka yanka ta da wuƙa daga bokiti. A ɗura a kwalabe, a rufe gam, a mayar wurin sanyi mako ɗaya zuwa biyu. Alamar gamawa ita ce ka kifa kwalbar ba ta motsa ba, amma cokali ya shiga ba gardama.

Idan ta zo da tauri fiye da yadda ake so, a sa kwalbar a ruwa mai ɗan ɗumi, wajen digiri 30, na wasu sa'o'i. Za ta saki, kuma ba ta cika komawa taurin farko ba. Farin zanen da kan fito a jikin kwalba kamar an barbaɗa gari, iska ce ta shiga tsakanin ƙwayoyin. Ba ya cutarwa.

Ina za a samu digiri 14?

Nan ne gizo ke saƙar, don littattafan da suka koyar da wannan aikin a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Ba dole sai 14 cif ba, daga 10 zuwa 18 aiki na tafiya. Da zafi ya haura 25 sai ya yi ta jan ƙafa.

Mu da ke kan tudu mun yi sa'a. Ngaundere ta haura mita 1,000 daga teku, kuma daren hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, yana da sanyin gaske. Ƙuryar ɗakin da rana ba ta shiga, a kan siminti, ta ishe ni. Haka mutanen Bamenda, Jos da Mambila. Wanda ke Garwa, Marwa, Injamena, Maraɗi ko Damagaram, shi ma hunturu ne lokacinsa, amma yana bukatar taimako da rana.

Taimako na farko tukunya cikin tukunya ce, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a kai, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tana aiki sosai a busasshiyar iska, ba ta yin abin kirki a Duwala ko Kwatano inda iska ke da laima. Sai dai a tuna cikin tukunyar a jiƙe yake, zuma kuwa maƙiyinta ruwa. Murfi ya rufu gam, a ƙara da leda.

Na biyu kula ce babba, a sa kwalaben a ciki tare da gorar ƙanƙara guda, a sauya safe da yamma, ma'aunin zafi na ciki. Gorar kada ta jingina da kwalba. Wannan ya fi dacewa da garuruwan da ake yawan ɗauke wuta, tun da ƙanƙara ana samunta a saya.

Firji shi ne na ƙarshe. Cikinsa wajen digiri 4 ne, kuma a wannan sanyin zuma na yin kauri har ƙwayar ta kasa yaɗuwa da sauri. Amfaninsa na gaske yana zuwa bayan zumar ta kama, wajen adana ta da bazara.

A kasuwa da kan hanya

Fatake za su so wannan zumar saboda abu ɗaya: ba ta tsiyaya. Wanda jarkar zuma ta taɓa buɗewa a cikin kayansa a mota ya san abin da nake nufi. Kwalbar zuma mai laushi kuwa tana shiga jaka tare da tufafi, ta kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde ba ɗigo. Amma tana da iyakarta. Idan ta daɗe a zafin da ya haura digiri 30 za ta fara saki, ta rabu biyu, ruwa-ruwa a sama, kauri a ƙasa, kuma daga nan tsami ba nisa. A Garwa zafin Maris da Afrilu yana wuce 40. Don haka ba a ɗora ta a saman mota, ba a jera ta a teburin da rana ke duka, kuma wanda zai sayar da ita da bazara ya gaya wa mai saye gaskiya: gidan da babu firji ko randa mai sanyi, ya sayi ƙaramar kwalba da zai shanye da wuri.

Sauran aikin na baki ne, don ido bai saba ba. Wata maƙwabciyarmu da uwargidana ta aika wa kwalba ɗaya ta tare ni a ƙofar gida washegari.

"Alhaji, wai zuma ce wannan ko man kaɗanya?"

"Hajiya, kin ɗanɗana kuwa?"

"Na ɗanɗana mana, da daɗi. Amma me kuka sa mata ta yi fari haka?"

Na ce ta ɗebi cokali ɗaya a ƙaramin kofin gilashi, ta tsoma gindinsa a ruwan zafi, ta gani. Da ta yi, sai ga shi ta koma zuma garau, ba abin da ya kwanta. Da gari ne ko madara a ciki, da ba ta washe ba. Tun daga nan a shago nake ajiye kwalba biyu daga bokiti ɗaya, narkakkiya da mai laushi, da 'yan tsinkayen ɗanɗano. Gani ya kori ji. A jikin kowace kwalba kuma ina liƙa takarda da Hausa da Faransanci: zuma zalla, watan da aka ɗiba, a ajiye a wuri mai sanyi. Wanda zai ƙetare iyaka da ita da yawa, ya fara tambayar takardun kayan abinci tun kafin ya yi lodi.

Ban ce kowa zai karɓa ba. Mai neman zuma don haɗa magani ko zubawa a fura, narkakkiya yake so, kuma ita ya kamata a ba shi. Masu son mai laushin su ne iyaye mata masu shirya yara makaranta, don tana zama a kan burodi ba ta bi hannu ta ɓata riga, sai masu shayi, sai masu neman tsarabar da za ta isa gida lafiya. Tana tafiya da gurasa, da masa, da funkaso.

Gargaɗi ga gida

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko wace iri ce, ko da lasawa ce. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim, wadda hanjin babba ke iya shawo kanta amma na jariri bai ƙosa ba, kuma ɗumama zumar ba ya kashe ta. Laushin wannan zumar na iya jan hankalin kaka ta shafa wa jikanta a baki, don haka a faɗa wa kowa a gida. Mai ciwon sukari shi ma ya sani cewa mai laushi da narkakkiya duk sukari ɗaya ne a jikinsa. Cokalin da za a sa a kwalba kuma ya zama busasshe.

Wanda ke son gwadawa ya fara da kilo ɗaya a hunturun nan, giram 100 na iri, da kula ko ƙuryar ɗaki. Ko ba ka da amya, zumar da ta sandare maka a shago, muddin ba ta yi tsami ba, ta isa. In ta fito yadda ake so, ka ware kwalba ɗaya ka rufe ta gam ka ɓoye a wuri mai sanyi, kada yara su gan ta. Ita ce irin zagaye na gaba, kuma ta hutar da kai turmi. Allah ya sa wa nema albarka.